Dorugu: Bawan Da Aka Ƴanta, Harshensa Ya Riƙe Masa Asali

Duk ɗalibin da ya taɓa bin tarihin nazarin Hausa ya san sunan James Frederick Schön, ɗan mishan ɗin da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Kaɗan ne suka san yaron da aka ɗebo yawancin Hausar nan daga bakinsa. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajejen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya isa Kukawa, babban birnin Barno. A lokacin nan wasu Jamusawa biyu masu binciken ƙasa suna yawo a yankinmu. A farkon 1851 Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano, abokinsa Adolf Overweg kuwa ya nufi Maraɗi da Gobir, daga baya suka sake haɗuwa a Kukawa. Overweg ne ya fanshi Dorugu tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya ƴanta su.

Fansar ta kwance masa igiyar bauta, amma ba ta mai da shi gida ba. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran biyu suka koma hannun Barth. Suka bi shi Sakkwato, suka isa Tambutu a 1853, suka komo Barno, sannan suka keta Sahara zuwa Tarabulus. A 1855 suka sauka Ingila.

A can ne Schön ya ɗauki Dorugu gidansa. Shekara da shekaru yaron yana ba da tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Aka yi masa baftisma, aka laƙaba masa suna James Henry. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya ma ya yi sarautar Lokoja. Dorugu kuwa sai 1864. Ga mutum an raba shi da ƙauyensu da danginsa, an sauya masa tufafi da addini da suna. Abu guda da ba a iya raba shi da shi ba shi ne harshen da ya sha a nono, kuma da shi ne ya gaya wa duniya ko shi wane ne. Labarin nasa ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, yana kuma cikin tarihin rayuwa mafi daɗewa da muke da su cikin Hausar boko.

Sai dai ba shi ya ci ribar aikin ba. Schön ya samu lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, Dorugu kuwa ya ci gaba da tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Ingilishi tare da sharhi, masana suka sake waiwayarsa.

Mai karanta Magana Hausa a yau zai yi tuntuɓe da rubutun, domin haruffa masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ ba su shigo ba sai shekarun 1930. In ya yi haƙuri, zai tarar da shaida mai wuyar samu kan yadda ɗan Damagaram yake magana a tsakiyar ƙarni na 19.

Akwai bashi a kanmu a nan. Idan muka fita tattara bayanai a ƙauyukan Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, tsohuwar da ta ba mu tatsuniya da manomin da ya ba mu kalmomin noma su ne Dorugun zamaninmu. Mu rubuta sunayensu da garuruwansu da yardarsu, mu adana karin harshensu yadda suka furta shi, kada mu gyara shi ya koma Kananci.