John Keely: Mutumin da ya shekara 26 yana sayar da hannun jarin injin da bai taɓa fita kasuwa ba

A ƙarshen ƙarni na 19 da wuya a sami ɗan kasuwa a New York ko Filadelfiya da bai taɓa jin labarin injin Keely ba. Mai injin, John Ernst Worrell Keely, ya yi iƙirarin cewa ya gano wani ƙarfi da ke ɓoye cikin ruwa da iska, wanda zai sa a yi sallama da kwal da tururi. A lissafinsa, ruwan da bai cika lita guda ba zai ja jirgin ƙasa daga Filadelfiya zuwa San Faransisko ya dawo da shi, galan guda kuwa ya ishi jirgin ruwa zuwa Liverpool daga New York, zuwa da komowa. A zamanin da kwal ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin kowace masana'anta, wannan magana ta fi zuma zaƙi a kunnen masu kuɗi.

An haife shi ranar 3 ga Satumba, 1837, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, kakanninsa ne suka rene shi, kuma bai yi nisa a karatu ba. Ya yi kafinta, ya yi fenti, ya yi kiɗa a gidan wasan kwaikwayo, ya taɓa kanikanci. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i ta yi masa rana daga baya, domin kafinta ya san yadda ake ɓoye abu a bango, makaɗi kuma ya san yadda ake riƙe hankalin taro.

A shekarar 1872 ya fara gayyatar mutane ɗakin gwaje-gwajensa da ke titi na 20 a arewacin Filadelfiya. Ba a jima ba wasu 'yan kasuwa suka kafa kamfani mai suna Keely Motor Company, wanda jarinsa a takarda ya kai dala miliyan 5. A watan Nuwamba na 1874 ya nuna wa wasu baƙi wata na'ura. Ya hura iska da bakinsa a wani bututu na ɗan lokaci, ya ɗura ruwan famfo galan biyar, ya ɗan murɗa nan da can, sai allurar awo ta nuna matsin fam 10,000 a kowane inci murabba'i, wato ninkin iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 300. Baƙin suka fita suna ba da labari, masu neman hannun jari suka ƙaru.

Bayaninsa shi ne kowane abu a duniya yana da irin girgizarsa, kuma idan aka dace da sautin da ya yi daidai da girgizar ruwa, ƙwayoyinsa za su warwatse su saki ƙarfin wani abu da ake kira eta. A lokacin hatta manyan masana sun yarda akwai etan, suna ganin shi ne ya cika sararin samaniya, haske ke ratsawa ta cikinsa, don haka kalmar ba ta yi wa kowa baƙunta ba. Keely yakan tayar da injinsa ta hanyar goga gogen Turawa, ko ya buga ƙarfen nan mai baki biyu da makaɗa ke daidaita sauti da shi. Da sauti ya tashi sai ƙafafun inji su fara juyawa, igiyar ƙarfe ta tsinke, nauyi ya ɗaga sama. Ya kuma ƙirƙiro wa kansa ɗaruruwan kalmomi masu kama da na kimiyya, waɗanda ko farfesa ya saurara sai ya rasa ta inda zai kama su ya yi gardama.

Masana ba su yi shiru ba. Tun shekarun 1840 aka tabbatar da ƙa'idar cewa makamashi ba ya samuwa daga babu, sauya kama kawai yake yi, kuma mujallar Scientific American ta sha nuna cewa duk abin da Keely ke yi za a iya yin sa da matsattsiyar iska. A watan Satumba na 1884 ya gwada wata bindiga a Sandy Hook a gaban jami'an gwamnati, yana cewa ƙarfin eta ne ke harba ta. Cikin 'yan kallo akwai Laftana Edmund Zalinski, wanda aikinsa ke nan, ƙera bindigar da iska ke harbawa, kuma hukuncinsa shi ne bai ga abin da matsattsiyar iska ba za ta iya ba. Amma wanda ya riga ya zuba dukiyarsa ba ya son jin irin wannan magana. Kowace shekara a taron masu hannun jari Keely yakan zo da albishir cewa saura ƙiris, ko kuma ya gano wani sabon ƙarfi da ya fi na bara, wanda ke buƙatar sabuwar na'ura da sabon kuɗi.

Da kamfanin ya fara tangal-tangal, sai Allah ya haɗa shi da Clara Jessup Bloomfield-Moore a wajen 1881, wata attajira da mijinta, mai masana'antar takarda, ya rasu ya bar mata dukiya. Ta ba shi kimanin dala 100,000, ta yanka masa albashi duk wata, har ta wallafa littafi a kansa a 1893. Ba sakarya ba ce. Marubuciya ce mai karatu, kuma abin da ya ja ta shi ne imanin cewa binciken Keely zai haɗa kimiyya da addini, har ya warkar da cututtuka. Irin wannan mai goyon baya ta fi ɗan kasuwa wuyar farkawa, domin shi riba yake jira, in ta ƙi zuwa ya gaji.

Kuma sun gaji ɗin. Masu hannun jari sun kai shi kotu a farkon shekarun 1880 suna neman ya bayyana sirrin injin, ya kuma yi rajistar mallakarsa a hukumance. A nan ne gizo ke saƙar, domin rajistar na buƙatar a rubuta yadda na'ura ke aiki dalla-dalla, ta yadda wani gwani zai iya ƙera irinta. Keely ya yi ta kewaye-kewaye da hujjar cewa za a sace masa fasaha. A wata shari'ar da wani tsohon abokin hulɗarsa, Bennett Wilson, ya shigar, ya ƙi bin umarnin alƙali na buɗe na'urar ga ƙwararru, aka tura shi gidan yarin Moyamensing a Nuwamban 1888 bisa laifin raina kotu. Kwana kaɗan ya yi aka ba da belinsa, a farkon 1889 kuma kotun ƙolin jihar ta soke umarnin. Ya fita da sirrinsa a aljihu, magoya bayansa na kallonsa a matsayin wanda aka zalunta.

Sunansa yakan dawo duk lokacin da aka tayar da muhawara kan na'urorin makamashi masu alkawarin al'ajabi. Ranar 23 ga Maris, 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Utah cewa sun haɗe ƙwayoyin zarra a cikin tulun gilashi, da ƙarfen faladiyom da ruwa mai nauyi, ba tare da zafin miliyoyin digiri irin na cikin rana ba. Wannan shi ake kira haɗewar nukiliya mai sanyi. Bai dace a jera su da Keely a sahu ɗaya ba, domin su masana ne na gaske, kuma sun faɗi isasshen bayani har manyan ɗakunan bincike a Amurka da Ingila suka maimaita gwajin. Ba su sami abin da aka ce ba, kafin shekarar ta ƙare kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce hujjar ba ta gamsar ba. Abin da aka tantance cikin watanni a 1989 ya ɗauki shekara 26 a zamanin Keely, saboda bai taɓa barin wani ya ɗauki injinsa zuwa wani ɗaki ya tayar da shi da hannunsa ba.

A tsakiyar shekarun 1890 ita kanta Bloomfield-Moore ta nemi wani injiniyan lantarki, Alexander Scott, ya duba mata aikin. Rahotonsa bai yi wa Keely daɗi ba, ta rage tallafinta, ko da yake ba ta juya masa baya ba. Ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 1898, yana da shekara 61, bayan fama da ciwon huhu.

Ɗanta, Clarence Moore, wanda ya daɗe yana kallon dukiyar gidansu na zurarewa, bai ɓata lokaci ba. Ya sami izinin shiga ginin, ya zo da injiniya Carl Hering da malaman Jami'ar Pennsylvania, tare da wakilan jaridar Philadelphia Press, suka ɗaga katakon daɓe, suka fasa bango. A ƙarƙashin ginin suka tarar da wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan tan uku, irin wadda za ta riƙe matsattsiyar iska. Cikin bango da ƙarƙashin daɓe kuma ga siraran bututun tagulla, wasu ba su fi kaurin waya ba, waɗanda baƙi suka shekara suna ɗauka waya ce. Akwai ƙofofin ɓoye a daɓe, da silin na bogi. Jami'an kamfanin suka ce ƙwallon tsohon kayan gwaji ne da Keely ya jingine tuntuni, wasu masu hannun jari kuma suka ci gaba da riƙe takardunsu. Clara Bloomfield-Moore ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta rasu a Landan a farkon Janairun 1899, makonni bakwai bayan Keely, kafin jaridar ta buga abin da aka tono.