Tunawa da Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001)

A wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da Hajiya Gambo Sawaba. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya yi aiki a hukumar jirgin ƙasa ta Nijeriya, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Don haka mu masu ƙetara iyaka muna ganin tamu ce.

Tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU a Zariya, lokacin da matan Arewacin Nijeriya ba su da ƙuri'a. Ta riƙa hawa dandamali tana neman a ba su. Ta sha duka, ta sha ɗauri, ba ta ja da baya ba.

Allah ya nuna mata babban zaɓen 1979. Matan Arewa suka yi layi, aka kuma rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18.

Yaran shagunanmu da yaran motocinmu da yawa sun cika 18. Mu sallame su su je su yanki katin zaɓe, kowa a ƙasarsa, ko da ranar kasuwa ce.

Allah ya jiƙanta da rahama.