Julius Nyerere: malamin makarantar da ya kori Idi Amin

Yau a filinmu na tarihi mun leƙa Tanzaniya, wajen Julius Nyerere, wanda mutanensa ke kira Mwalimu, wato malam da harshen Swahili.

An haife shi a 1922 a ƙauyen Butiama, kusa da tabkin Biktoriya. Ɗan sarkin ƙabilar Zanaki ne. Ya yi karatu a Makerere ta Uganda da kuma Birtaniya, ya dawo gida ya kama alli. Daga aji ya shiga siyasa, ya jagoranci jam'iyyar TANU har Tanganyika ta samu ƴancin kai a 1961. A 1964 aka haɗe ta da Zanzibar, aka samu Tanzaniya.

To, ina malamin makaranta ina yaƙi? A Janairun 1971 Idi Amin ya kifar da shugaba Milton Obote a maƙwabciyarsu Uganda. Daga nan sai kashe-kashe: dubban mutane suka ɓace, har da babban alƙalin ƙasar, Benedicto Kiwanuka, da babban limamin coci, Janani Luwum. Ƙungiyar OUA ta yi gum, tana fakewa da dokar hana katsalandan cikin harkokin wata ƙasa. A 1975 ma Amin ne ya shugabance ta.

Nyerere ya ƙi halartar taron Kampala na wannan shekara. Hujjarsa ita ce, bai dace a yi ta tsine wa turawan Afirka ta Kudu ba, sannan a kauda kai in baƙar fata ne ke yanka ƴan ƙasarsa.

A ƙarshen Oktoban 1978 sojojin Amin suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. Nyerere ya nemi OUA ta yi tir da mamayar, shiru. Sai ya tara runduna, ya kore su, bai kuma tsaya a kan iyaka ba. Duk da sojojin da Kaddafi ya aiko wa Amin, ranar 11 ga Afrilun 1979 dakarun Tanzaniya da ƴan tawayen Uganda suka kama Kampala. Amin ya gudu Libiya, daga can Saudiyya.

A taron Monrobiya na wannan shekara, Obasanjo na Najeriya da Numeiri na Sudan sun soki Nyerere kan keta iyaka. Mu dai a ganinmu yana da gaskiya, don shi aka fara kai wa hari, kuma shekara takwas ana jiran lallashi ya yi aiki, bai yi ba. Sai dai yaƙi ba kyauta ba ne. Baitulmalin Tanzaniya ya ƙwanƙwame, Uganda kuma ta sake faɗawa yaƙin basasa har 1986.

Shi kuwa Nyerere, a 1985 ya sauka da kansa, ya miƙa mulki ga Ali Hassan Mwinyi. Ya rasu a Landan ranar 14 ga Oktoban 1999, aka binne shi a Butiama.