Marie Curie: Matar da Aikinta Ya Haifar da Gashin Kansa

Idan likita ya ce za a yi wa majinyacinka gashi, wataƙila gabanka ya faɗi. Tarihin wannan mata zai taimaka maka ka fahimci abin.

An haifi Marie Curie a birnin Warsaw na ƙasar Poland a 1867. A lokacin ba a ɗaukar mata a jami'ar garinsu, don haka ta yi aikin koyar da yara a gidajen mutane, sannan ta tafi Paris karatu a 1891. A 1898 ita da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom, wanda ke fitar da hasken da ido ba ya gani. Likitoci suka lura hasken yana kashe ƙwayoyin kansa. Ma'auratan ba su yi wa hanyar tace sinadarin rajistar mallaka ba, suka bar wa duniya. Ta samu kyautar Nobel a 1903 da 1911.

Sai dai ta shekara da shekaru tana aiki da radiyom ba kariya. Ta rasu a 1934, bayan ɓargonta ya daina samar da isasshen jini. Har yau littattafan aikinta na cikin akwatunan dalma.

Yanzu auna hasken ake yi, a saita shi daidai kan ƙarin. Misali, idan kansa ta toshe bututun matsarmama, ido yakan yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Likita kan saka ɗan bututun roba ko na ragar ƙarfe, wato sitent, ya buɗe hanyar. Wani lokaci a zura siririyar waya mai sinadarin iridiyom ta cikinsa na ɗan lokaci, a gasa ƙarin daga ciki don kada ya yi saurin sake toshewa. Galibi wannan sauƙi yake kawowa, ba warkewa ba, amma majinyaci kan samu ya ci abinci, ya yi barci.

Don haka idan dattijonku a Dukawuya ya yi shawara ba tare da ciwon ciki ba, yana kuma ramewa, kada a tsaya kan jiƙo. A kai shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a yi hoton ciki. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, a tafi a ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.