George Pearson: Hedimastan da ya yi fim ɗin Sherlock Holmes da har yau ake nema

A shekarar 2010 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta fitar da jerin fina-finai 75 da suka ɓace waɗanda take nema ruwa a jallo. Cikinsu akwai A Study in Scarlet na 1914, wanda aka ɗauko daga littafin Arthur Conan Doyle na 1887, inda duniya ta fara sanin ɗan leƙen asirin nan Sherlock Holmes. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin shi ne George Pearson.

An haifi Pearson a Landan a 1875, kuma da alli ya fara neman abinci. Ya koyar har ya zama hedimasta a garin Loughton da ke yankin Essex. A 1913, yana dab da shekara 40, ya ajiye wannan aiki mai albashi da mutunci ya koma kamfanin Pathé, a lokacin da masu ilimi ke yi wa fim kallon wasan 'yan kasuwa. Shi kuwa gani yake allon silima ma allon karatu ne.

Shekara guda bayan haka ya koma wajen furodusa G. B. Samuelson, inda ya yi A Study in Scarlet. Fim ne mara magana, sai rubutu tsakanin fitowa da fitowa. Wanda ya fito a matsayin Holmes, James Bragington, ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin ofis ne a kamfanin, aka ɗauko shi don ya yi kama da zanen Holmes da masu karatu suka saba gani. Rabin labarin a Amurka ya faru, amma ba a je ba. Duwatsun Cheddar Gorge da rairayin bakin teku na Southport su suka tsaya a madadin jihar Utah.

Fim ɗin ya bi sahun mafi yawan na zamaninsa. Faifan lokacin yana saurin kama wuta, yana kuma ruɓewa a ajiye, sannan da fina-finai masu magana suka shigo, kamfanoni ba su ga amfanin adana tsofaffin ba.

A 1918 ya kafa kamfanin Welsh-Pearson tare da Thomas Welsh, ya fito da Betty Balfour a fim ɗin Squibs na 1921, ta zama tauraruwa a Ingila. Zuwan sauti ya rage masa kasuwa, ya koma yin ƙananan fina-finai masu araha.

A nan ne labarinsa ya gamu da namu. Daga farkon shekarun 1940 har zuwa 1955 yana jagorantar shirya fina-finai a Colonial Film Unit, sashen da William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Najeriya, ya shugabanta. Irin fina-finan sashen ne motocin majigi ke yawo da su gari-gari, ana nuna tsafta, noma da labarin yaƙi. Sai dai an gina su kan tunanin cewa ɗan Afirka ba zai gane fim ba sai an tafi da shi a hankali, ba dabarun kyamara. Pearson ya yi aiki da wannan raini, kuma hakan na cikin tarihinsa kamar yadda Holmes yake ciki.

Ya rasu a 1973 yana da shekara 97. A 2014 aka tsinci wani fim ɗinsa da aka fid da rai da shi, Love, Life and Laughter na 1923, a ƙasar Holan. A shekarar ce kuma gidan tarihin Landan da BFI suka sake yin cigiyar A Study in Scarlet, amma har yanzu shiru.