Herbert Macaulay: Jikan Bishop Crowther, Uban Kishin Ƙasa a Nijeriya

An haifi Herbert Macaulay a Legas ran 14 ga Nuwamba, 1864, a gidan masu hidimar Ikkilisiya. Mahaifinsa, Rabaran Thomas Babington Macaulay, shi ne ya kafa makarantar sakandare ta CMS a Legas a 1859. Mahaifiyarsa Abigail kuwa 'yar Samuel Ajayi Crowther ce, baƙar fata na farko da ya zama Bishop a Ikkilisiyar Anglikan.

A 1890 gwamnatin mulkin mallaka ta tura shi Ingila koyon aikin injiniya da safiyo. Da ya dawo ya yi mata aiki, amma a 1898 ya ajiye, domin ya ga yadda ake fifita Bature a kan ɗan ƙasa. Daga nan ya zama bakin mutanen Legas a kan haraji, da sarauta, da filaye.

Lokacin da gwamnati ta karɓe filayen Apapa, Macaulay ya raka mai sarautar Oluwa, Amodu Tijani, har Landan. A 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta ba Oluwa gaskiya, ta ce a biya diyya. Wannan hukunci ya nuna wa jama'a cewa ana iya ja da gwamnati ba da makami ba, a kuma yi nasara.

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba Legas kujeru 3 na zaɓe a majalisar dokoki, Kalaba kuma 1. Sai Macaulay ya kafa NNDP a 1923, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya, wadda ta cinye kujerun Legas a 1923, da 1928, da 1933. Shi kansa bai taɓa zama a majalisar ba, gama ɗaurin da aka yi masa a 1913 kan wata dukiyar gado da aka ba shi riƙo ya hana shi tsayawa takara.

A farko kishinsa bai wuce Legas ba, amma da tsufa ya faɗaɗa shi. A 1944 shi da Nnamdi Azikiwe suka kafa NCNC, ya zama shugabanta. A 1946, yana da shekara 81, ya kama rangadin ƙasa domin haɗa kan kudu da arewa su ƙi tsarin mulkin Gwamna Richards. Ciwo ya kama shi a Kano, aka mai da shi Legas, ya rasu ran 7 ga Mayu, 1946, shekara 14 kafin samun 'yancin kai.

Turawa suka shata iyakokin Nijeriya, amma Macaulay na cikin na farko da suka koya wa mazaunanta cewa ƙasar tasu ce, kuma dole a ji ta bakinsu wajen mulkinta. Jam'iyya, da jarida, da kotu, waɗanda ya yi gwagwarmaya da su, har yau su ne hanyoyin da ɗan ƙasa ke bi ya nemi haƙƙinsa cikin salama.