Kara Mustafa Pasha: Wazirin da ya kai rundunar Usmaniyya ƙofar Viyana a 1683

A ranar 25 ga Disamban 1683, manzannin Sarki Mehmed na 4 suka sauka a birnin Belgirad ɗauke da umarni. Suka karɓe hatimin sarauta daga hannun babban wazirin Daular Usmaniyya, sannan aka shaƙe shi da igiyar alharini, kamar yadda ake yi wa manyan fada a wancan zamani. Wata bakwai kafin nan, a wannan birni ne sarkin ya damƙa masa tuta da jagorancin runduna mafi girma da daular ta tura Turai cikin shekaru masu yawa.

An haifi Mustafa wajajen 1634 a kusa da garin Merzifon da ke Turkiyya ta yau. Mahaifinsa barde ne, amma a gidan waziri Koprulu Mehmed Pasha ya tashi, tare da ɗan gidan, Fazil Ahmed, daga baya kuma ya auri ɗiyar gidan. Laƙabinsa na Kara yana nufin baƙi da Turkanci. Wannan gida shi ne ya farfaɗo da daular bayan shekarun rikici a Istanbul, birnin da Hausawan dā ke kira Santambul, kuma a inuwarsa Mustafa ya hau matakan mulki. Ya riƙe rundunar jiragen ruwa, ya kuma zama muƙaddashin waziri a duk lokacin da Fazil Ahmed ya fita yaƙi. Da Fazil Ahmed ya rasu a 1676, sai hatimi ya dawo hannunsa.

Farkon aikinsa ya yi kyau. A 1678 ya ƙwace sansanin Cihirin da ke Yukren daga hannun sojojin Rasha, a 1681 kuma aka yi sulhu. Daga nan hankalinsa ya koma Hungari, inda Imre Tokoli ke jagorantar tawaye ga sarkin Ostiriya, Leopold na 1. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 20 da ɓangarorin biyu suka ƙulla a 1664 ta kusa ƙarewa, kuma wazirin bai nuna sha'awar sabunta ta ba.

Abin da aka tsara tun farko shi ne kame wasu garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, musamman Gyor. A kan hanya ne Mustafa ya tara hafsoshi ya sanar da su cewa Viyana za a nufa kai tsaye, birnin da ya gagari Sarki Sulaiman a 1529. Gwamnan Buda, Ibrahim Pasha, ya ba da shawarar a fara share garuruwan kan iyaka, amma ba a saurare shi ba.

A ranar 14 ga Yuli runduna ta fiye da mutum 100,000 ta yi wa Viyana zobe. Leopold ya riga ya fice, ya bar kimanin mayaƙa 15,000 ƙarƙashin Starhemberg. Mustafa bai zo da manyan igwa masu fasa ganuwa ba, don haka ya dogara da maginan rami, waɗanda ke haƙa ƙarƙashin ganuwa suna cusa albarushi su tayar. Dabarar ta yi aiki, sai dai tana cin lokaci. Zuwa farkon Satumba ganuwa ta tsattsage, yunwa da ciwon atuni sun galabaita mutanen ciki. Masana tarihi da dama na ganin wazirin ya fi son birnin ya miƙa wuya, domin dukiyarsa ta shiga baitulmali maimakon ta zama ganimar sojoji. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wata biyun da ya ɓata sun ishi abokan gabarsa. Paparoma Innocent na 11 ya zuba kuɗi, sarkin Folan Jan Sobieski ya taso da dawakinsa, ya haɗu da sojojin Ostiriya da na ƙasashen Jamus, suka kai kusan 70,000. Sarkin Tatar na Kirimiya, wanda ba ya ga maciji da wazirin, bai tare su ba lokacin da suke haye Kogin Danub. Mustafa kuwa bai killace sansaninsa ta baya ba, bai kuma sa isassun dakaru a kan tsaunin Kahlenberg da ke kallon birnin ba. Daga wannan tsauni ne aka gangaro masa a ranar 12 ga Satumba. Da la'asar dubban mahaya suka keta sahun Turkawa, kafin dare runduna ta watse, ta bar tantuna da igwa da dukiya. Wazirin ya tsira da tuta.

Faransa ba ta cikin masu kai ɗauki. Sarki Luwi na 14 ya ɗauki Leopold a matsayin babban abokin hamayya, kuma a kakar wannan shekara dakarunsa suka shiga yankin da ke Beljiyam a yau. Ministansa Colbert ya mutu a Paris ranar 6 ga Satumba, kwana shida kafin yaƙin.

A kan hanyar komawa Mustafa ya ɗora laifi kan Ibrahim Pasha ya sa aka kashe shi. Hakan bai cece shi ba, domin a Oktoba an sake fatattakar sojojinsa a Parkany, garin Esztergom kuma ya suɓuce. Maƙiyansa a fada suka samu abin da suke nema.

Abin da ya biyo baya ya fi ransa tsada. A 1684 Ostiriya da Folan da Benis suka ƙulla ƙawance, Buda ta faɗi a 1686, aka tuɓe Mehmed na 4 a 1687. A 1699 daular ta sa hannu kan yarjejeniyar Karlowitz, ta sallama mafi yawan Hungari, ba ta kuma sake kusantar Viyana ba. Masallacin da Mustafa ya gina a Merzifon da makarantarsa da ke titin Divanyolu a Istanbul suna nan tsaye har yau.